Abokin Nauyi a Birnin Rinjaya

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafe ta da duwatsu don kada ta yi tangaɗi da mazaunanta, ya kuma bar dutse ɗaya yana lilo domin masu lura. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, ni Haladu ɗan Isiyaku, mai awon gonaki a garin Marmaro Bakwai, na rubuta wannan labari da hannuna bayan furfura ta ci gemuna. Abin da idona ya gani zan ce na gani. Abin da na ji a bakin wani zan ce an gaya mini. Abin da ban sani ba zan bar gurbinsa, domin mai awo ba ya ƙara wa gona kamun da ba nata ba.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, yayana Mamuda da ni. Shi ne ɗan fari, saboda haka bisa al'adar mutanenmu ba ta taɓa kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin hannunta a kansa ba. Idan za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ni kuwa auta, a cinyarta na girma. Da mahaifinmu ya rasu, Mamuda ya ɗauki fartanya, ya tura ni makarantar awo ta Malam Ashiru, yana cewa gida ɗaya ba ya ɗaukar jahilai biyu.

Malam Ashiru mutum ne mai ƙarancin magana. Ranar da muka fara zuwa ya nuna mana lambunsa, ya ce akuya tana cinye masa alayyafo, mu yi maganinta. Muka bazama jeji muka saro ƙaya, muka ƙara wa shinge tsawo. Akuya ta shiga. Muka ƙara masa kauri. Akuya ta shiga. Sai ya sa muka ajiye gatura muka zauna a inuwa ba mai motsi. Akuya ta yi ta zagaye har la'asar ba ta sami hanya ba. A nan muka gane ta ƙofa take shiga, duk sa'ad da muka bar ta a buɗe muka tafi saro ƙaya. Malam bai yi dariya ba. Ya dai ce, "Gobe ku zo da sanduna uku-uku."

Da sandunan nan ya koya mana fitar da miƙaƙƙiyar iyaka. Ka kafa ta farko, ka kafa ta biyu a gabanta, ka wuce ka kafa ta uku inda idan ka waiwayo za ta ɓoye maka biyun. Sa'an nan ka koma ka tumɓuke ta baya ka kai ta gaba. Aiki ne mai cin rai, amma layin da ya haifa ba ya karkata. Da na fara aiki, Mamuda ne yake riƙe mini sanduna idan ya taso daga gona, yana yi yana tsokanata.

"Malam, wannan karatu naka dai kai da kawo ne, kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Wata shekara fari ya cinye amfanin gona. Mamuda ya ɗora wa jakuna kanwa ya bi ayarin fatake zuwa gabas, ya ce kafin damina zai dawo. Da ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana sallama, mahaifiyarmu tana kaɗi, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye," ta ci gaba da murza mazari. Damina ta zo ta wuce, wasu suka biyo ta. Ayarin ya dawo ba shi. Suka ce a bakin wani kogi ya rabu da su, ya nufi wani birni inda aka ce ana neman kanwa ido rufe. Idanun mahaifiyarmu suka yi ta dushewa har suka rufe.

Wata safiya ta kira ni, ta laluba ta kama hannuna na dama.

"Auta, ka tafi ka nemo wancan."

"To, Inna."

"Ba na son ka dawo ka ce mini ka hango shi, ko an ce maka yana lafiya. Labari ya ishe ni. Ka shafa fuskarsa da wannan hannun, ka kawo mini hannun."

Na bar ta a hannun maƙwabta, na ɗauki sandunana da ƙullin guzuri da goran ruwa, na fita ni kaɗai.

Bayan na wuce ƙasashen da ake jin harshenmu, na iso Kogin Waiwaye. Faɗinsa ya kai a ga raƙumi a ɗaya gaɓar kamar tunkiya. Da safe ruwansa yana gudu arewa, idan rana ta take tsaka ya tsaya cik, ya juya ya gudu kudu har faɗuwarta. Gaɓar ƙetare bango ne na dutse a miƙe, ba mafita sai wata 'yar tsaga daura da mashigi. Jirage suna nan a ɗaure, ba mai fito ko ɗaya, sai ƙasusuwan waɗanda ruwa ya kwasa ya maka da dutse ya dawo da su. Ga alama da asuba suke shiga, yadda kowane matafiyi yake son sammako, ruwa ya yi arewa da su kafin su ƙetare.

Na zauna wa kogin yadda muka zauna wa akuya. Na jefa guntun kara da hantsi, ya tafi har ya ɓace, bayan azahar sai ga shi ya dawo ya wuce ta gabana. Washegari na danne zuciyata sai da hantsi ya dubi ludayi, sa'an nan na tura jirgi. Ruwa ya yi arewa da ni ina tuƙi. Ina tsakiyar kogi ya tsaya, ya juya, ya mayar mini da abin da ya ci, ya dire ni a bakin tsagar kamar an aiko shi. Na waiwaya in gaya wa wani, babu kowa.

Daga nan na shiga Farin Fili. Ƙasarsa kamar toka, samansa kamar madara, ba rana, ba inuwa, ba itace. Na yi ta tafiya har ruwan gorana ya koma rabi, sai na ga sawun mutum a gabana. Ban san na yi kewar ɗan Adam haka ba sai ranar. Na bi sawun da sauri ina rafka sallama, ina shirya abin da zan ce masa, har ina raba masa guzurina a zuci. Can na lura takalminsa na hagu yana da faci a diddige, irin facin da na yi wa nawa da hannuna. Na zauna a kan tokar na daɗe. Ashe ƙafar mutum ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, idan ido bai sami abin riƙewa ba sai ta yi ta juya shi yana zagaye. Na kwance sandunana. Na kafa, na wuce, na komo, na tumɓuke. Tafiyar ta ninka mini, amma na fita daga filin da sauran kurɓi guda a gora.

A bakin filin na ga abin da har yau idan na faɗa, wasu suke sunkuyar da kai don kada in ga murmushinsu. Tsauni ne siriri kamar taɓarya, a kan tsininsa kuma wani falalen dutse ne mai faɗin gari da gonakinsa, zaune kamar faifai a kan yatsa. A bisansa akwai gidaje da hayaƙin girki. Idan iska ta buso sai ka ji dutsen yana nishi. Wannan shi ne birnin Rinjaya.

Na tsaya a ƙarƙashin gefensa na yamma na ɗaga murya, ina tambaya ko wani bafatake mai kanwa, mai tabon fartanya a goshi, ya taɓa zuwa nan. Aka amsa daga sama cewa yana nan da rai. Aka zuro kwando da igiya. Na shiga, aka ɗaga ni kaɗan daga ƙasa aka bar ni ina reto, ashe auna ni ake yi. Can sai duwatsu suka fara faɗowa gefena ɗaya bayan ɗaya, ana kuma ja na sama.

Wanda ya tarbe ni wani dogon dattijo ne mai sandar ƙarfe, shi ne Sarkin Awo. Bai ba ni hannu ba. Daga nesa ya tsaya ya yi magana.

"Baƙo, ka zo a sa'a. Wanda kake nema yana can bakin gabas. Tun da ya hau, tulin duwatsu ne yake riƙe masa nauyi a nan yamma. Yau mun auna ka, kai da shi ko ƙwayar gero ba ta raba ku ba. Mun zubar da duwatsun, ka gaje su."

"Ranka ya daɗe, yayana ne. A nuna mini hanyar gidansa."

"Hanya ga ta nan, ta zagaye gari. Sai dai idan ka taka ta ka yi arewa, dole shi ya yi kudu. Abokin nauyinka ne. Kowa a garin nan yana da nasa, kuma daura da shi yake zama har mutuwa. Wanda aka auna kuma ba ya sauka."

Haka na sami yayana, na kuma rasa shi a wuni ɗaya.

Aka ba ni bukka a gurbin duwatsun. Gidajen Rinjaya a jere suke a bakin dutsen, tsakanin kowane gida da na kusa da shi jifan dutse ne, kuma ba a yarda gida biyu su haɗu wuri ɗaya ba. Ba kasuwa, ba dandali. Ko sallar gawa kowa a ƙofarsa yake tsayawa. A kowace ƙofa akwai ƙwarya cike da ruwa, kowa yana duban tasa, domin idan ruwan ya jingina da leɓe ɗaya, dutsen ya fara karkata ke nan. Saƙo kuwa miƙa shi suke yi da murya, wannan gida ya ƙwala wa wancan, har ya isa inda aka aike shi.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce mai kaifin harshe, sunanta Iya Tabawa. Ita ta karɓi saƙona na farko ta miƙa gaba: a gaya wa Mamuda, Haladu ya zo. Na tsaya ina jin sunana yana nisa daga baki zuwa baki har ya ɓace. Da la'asar amsa ta zagayo.

"Malam Sanduna," in ji Iya Tabawa daga ƙofarta, "ya ce a hannun wa ka bar Inna. Wannan nasa ke nan. Saura kuma maƙwabtansa suka ɗora. Tari ya kama shi tun bara, har da jini. In kana da abin faɗa masa, kada ka jira kaka ta wuce."

Idan gari ya waye tas, nakan hango wani ɗigo a can ƙarshen dutsen yana ɗaga tsumma. Nakan ɗaga nawa. In na matsa, ɗigon ya matsa. Hannun da aka aiko ni da shi yana rataye a jikina ba amfani.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce in sauya nauyina don a raba mu. Na shiga cin tuwo kamar mai gudun yunwa. Iya Tabawa ta lura.

"Ci dai, ɗan nan, Allah ya ƙara ciki. Ka yi ƙiba su ɗaura wa yayanka dutse a ƙugu, ga tari ga dutse. Kai karatun naka a ina aka yi shi?"

Na ajiye akushi. Na ga ƙaya nake sarowa. Na zauna a ƙofar bukkata ina kallon garin kwana da kwanaki, ba na neman mafita, ina dai kallo. Sai wata rana, Iya Tabawa tana bakace a ƙofarta, na tambaye ta.

"Iya, wa ya kafa dokar nan?"

"Mutuwa ta kafa ta. Zamanin kakan kakana aka yi bikin 'yar sarki. Gari kaf ya taru, makaɗa da mata, har guragu aka ɗauko. Dutse ya sunkuya, rabin gari ya zube ƙasa, da amaryar da gararta. Tun ranar aka san taro shi ne ajali."

"A ina aka yi bikin?"

"A gidan ango mana, da a ina za a yi?"

"Gidan angon yana ina?"

"Kai alƙali ne? Can bakin gabas, inda yayanka yake tari yanzu."

"Tsakiyar garin fa, me ke cikinta?"

"Ciyawa, da gajimare mai kwanciya a ƙasa. Wani ya taɓa shiga neman tunkiyarsa, ya yi ta zagaye ya ɓullo a bayan gidan maƙwabcinsa. Ƙorai suka zube, katanga ta danne mutum biyu. Ba mai shiga."

Na roƙe ta aron faifai da taɓarya da 'yar gyaɗa. Ta wurgo mini su tana mita. Na kafa taɓaryar a ƙasa, na ɗora faifan a kanta har ya zauna. Na tara gyaɗa a gefe ɗaya, ya kife. Na jera ta a baki a warwatse, yadda gidajen garin suke, ya zauna, amma da na cire ƙwaya biyu sai ya fara rawa. Sa'an nan na tattara ta duka na zuba a tsakiya. Faifan ko motsi bai yi ba. Na maimaita har rana ta yi sanyi, domin ban yarda da abin da ya yi mini daɗi ba sai na gwada shi ya ƙi karyewa.

Na aika murya ga Sarkin Awo. Ya zo ya tsaya a nesa, na yi a gabansa. Ya daɗe yana kallo.

"Na gani," in ji shi. "Amma faifai ba dutse ba ne, gyaɗa kuma ba ta da 'ya'ya. Ba zan tara gari a kan wasan yara ba."

"Ban ce a tara gari ba, ranka ya daɗe. Doka ta ce in zauna daura da abokin nauyina. Idan na nufi tsakiya daga yamma, shi ya nufe ta daga gabas, a ina muka saɓa?"

"Za ku ɓata kamar mai tunkiya."

"Da sandunan nan na fito daga Farin Fili. Shi ma ya san aikinsu."

"Mara lafiya ne. Za ka riga shi, gefensa ya rinjaya."

Wannan ban yi tunaninsa ba, na kuma gaya masa haka. Sai Iya Tabawa ta sa baki.

"Sarki, mu mata za mu ba su taku. Lugude za mu yi gari duka. In mun tsaya mun sake tashi, kowa ya ciyar da sanda ɗaya gaba." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Jikata tana can arewa. Murya ta ce ta yi haƙori, murya ta ce ta fara tafiya. Ni ban san nauyinta a hannu ba."

Sarkin Awo ya dubi ƙwaryar ƙofata, ya dube ni.

"Doka ba ta hana ba, ni ma ban umarta ba. Idan ƙwaryar gidana ta zubar da ɗigo ɗaya, kai da yayanka za ku sauka ba kwando. Kuma za ka rataya ƙwarya a wuyanka, ka riƙa gani da idonka abin da kake yi wa mutane."

Na aika wa Mamuda cewa ya yanki sanduna uku dogaye, gobe da hantsi kaza za ta nemi wurin ƙwai a tsakiyar gari. Amsa ta dawo, mutane suna miƙa ta suna dariya ba su san kanta ba: ya ce Allah ya sa ƙwan ba baragurbi ba ne.

Da hantsi lugude ya tashi daga gidan Iya Tabawa, ya kama gida bayan gida har ya zagaye dutsen. Na ɗaura wa sandunana tsumma, na rataya ƙwarya cikin ragaya a wuyana, na shiga ciyawa. Gajimare ya rufe ni, ba na ganin komai sai sandunan. Lugude ya tsaya, ya tashi, na ciyar da sanda. Ya tsaya, ya tashi, na ciyar da wata. Ruwan ƙwaryar yana kwance lafiya lau.

Bayan mun yi nisa sai na ga ya fara jingina da leɓen gaba. A ƙarƙashin ƙafata dutsen ya yi nishi. Na tsaya na yi tunani. Ruwa ya gangara gabas, gabas ta yi nauyi ke nan. Na fi Mamuda kusa da tsakiya. Ya gaza bin luguden.

A duk tafiyata, daga kogi har fili, ban yi abin da ya fi mini wuya kamar abin da na yi a lokacin ba. Na tumɓuke sandata ta gaba na koma baya, ina nesanta da shi, har ruwan ya kwanta. Sa'an nan na daina sauraron turame, na zuba wa ƙwaryar ido. Abin da aka rataya mini don horo shi ya zama ɗan aikena. Idan ruwan ya ɗan jingino wajen ƙirjina, na san Mamuda ya matso, sai in matsa daidai da haka. Idan ya tsaya, in tsaya. A cikin ruwan nan na ga yayana kafin in gan shi. Na ga inda ya huta, na ga inda ya yunƙura ya kasa, akwai kuma inda ruwan ya daɗe bai motsa ba har na fara karanta abin da ake karantawa idan an yi rashi. Lugude ya yi rauni, hannuwan mata sun gaji, amma bai mutu ba. Can sai ruwan ya girgiza kaɗan, ya jingino.

Rana ta karkata sa'ad da ciyawa ta fara sirancewa. Na fito wani fili mai ƙatuwar kuka. A gindinta akwai tsohuwar rijiya wadda igiyoyin guga suka sassaƙe bakinta ta kowane gefe, da duwatsun zaman 'yan kasuwa a jere, da fasassun tukwane. Mutane da yawa sun taɓa zama a nan shekara da shekaru, dutsen bai kife da su ba.

Sai na ga tsumma a kan sanda yana tahowa cikin gajimare. A bayansa mutum ne yana rarrafe da gwiwa. Na so in ruga, na dubi ƙwarya, na taka a hankali har muka haɗu a bakin rijiyar.

Ya jingina da dutse yana haki, ya dube ni sama da ƙasa.

"Sandarka ta tsakiya ta karkace, Malam."

"Ina ka gan ta, Yaya?"

"Ban gan ta ba. So nake in ji muryarka ba a bakin tsofaffi ba." Ya numfasa. "Inna fa?"

"Tana raye. Idanu sun tafi."

"Ta ambace ni?"

"Ta ce in nemo wancan."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wancan ɗin dai."

Na gaya masa aiken da aka yi mini, kalma da kalma yadda ta faɗa. Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya kamo hannuna na dama ya ɗora a goshinsa, a kan tabon fartanya. Ya bi da shi kan idanu, kan ƙasusuwan kunci da suka fito, har gemu.

"Ka shafa da kyau," in ji shi. "Kada ka rage mata kamu ko ɗaya."

An gaya mini ƙwaryar Sarkin Awo ta kai leɓe ranar, amma ba ta zuba ba. Mu biyu muka yi bukka a gindin kukar. Sawun da muka bari a ciyawa ya zama hanya, mutane suka fara shigowa biyu-biyu, kowa da abokin nauyinsa daga ɗaya gefen, da ƙwarya a wuya. Ba duka ba. Akwai dattawan da har na bar garin ba su yarda sun taka ciyawar ba, ban kuma ga laifinsu ba. Amma na ga Iya Tabawa ta ɗaga jikarta a bakin rijiyar, ta jijjiga ta, ta ce, "Ashe haka kike da nauyi, ja'ira, ake ta ɓoye mini."

Mamuda ya ga kaka, ya ci sabon gero. Bayan an gama girbi ya rasu da rana tsaka, kansa a cinyata. Aka yi masa salla a sahu, kafaɗa da kafaɗa, mutanen suna ta gyara tsayuwa don ba su saba ba. Aka binne shi a gindin kukar.

Bayan kwana uku Sarkin Awo ya zo, ya zauna kusa da ni a kan dutsen 'yan kasuwa.

"Abokin nauyinka ya kwanta inda nauyi ba ya cutar da kowa," in ji shi. "Ba ni da wanda zan ajiye ka dominsa."

Aka tara duwatsu daidai nauyina, ana kai su gabas ina tafiya yamma. Da kwando ya dire ni, ƙafata ta taka ƙasa, sai na ji su can nesa suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya har na ƙarshe ya faɗi.

Na komo ta Farin Fili da sandunana, na ƙetare Kogin Waiwaye da hantsi. Ba zan ce ban wanke hannun ba, domin alwala ba ta barin hannu. Amma ban gaisa da kowa da shi ba. Duk wanda ya miƙo mini nasa sai in ba shi tsintsiyar hannu. Wasu suka ɗauke ni mai girman kai, wasu mai cuta, a wasu garuruwan ma aka hana ni masauki. Ban yi wa kowa bayani ba.

Na isa Marmaro Bakwai da la'asar. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, mazari a gefenta ba zare. Na yi sallama na durƙusa. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambaye ni me ya sa sawun mutum ɗaya ta ji ba. Ta miƙo hannuwanta biyu, na sa nawa a ciki. Ta buɗe tafin, ta bi shi da yatsu a hankali, daga tsintsiya har kan farce.

"Ya rame," in ji ta.

"Nauyinmu ɗaya, Inna. An auna mu."

"To, ku duka kun rame."

Ta ɗaga hannun ta ɗora a kuncinta ta riƙe. Muka daɗe a haka, kaji suna shiga akurki. Sa'an nan, da muryar da ko maƙwabta ba za su ji ba, ta ce, "Mamuda."

Nan na tsayar da alƙalami, domin abin da ya biyo baya ba na awo ba ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sada mu da su inda ba a raba masu nauyi ɗaya.